Ɗakin Tanalher Da Aka Ƙi Saƙawa

Shimo! Ke Shimo, ajiye abin da ke hannunki ki saurare ni, wallahi in ban faɗa wa wani ba cikina fashewa zai yi! Na san kin ji na haihu. Mace ce, Azahara, ga gashi har goshi, kowa ya gan ta sai ya ce hancina ne, dangin ubanta kawai ke musu. To amma yau ba ita ce labarin ba. Maganar Tanalher ce, ƙanwata, wadda kika bari tana bin awaki ba ko takalmi shekarar da kuka koma Arlit. Yanzu ta haura ashirin, ta fi ni tsawo, ta kuma fi ni taurin kai.

Bazo take so. Ba ki san shi ba, bayan tafiyarku suka zo. Mai lambun albasa ne a bakin ƙorama, fari ne ya koro iyayensa daga wani kwari. Raƙuminsu ɗaya tal, shi ma na jan ruwa a rijiya, bai taɓa bin ayarin gishiri zuwa Bilma ba.

Da manyansa suka zo tambaya Abba bai ƙi ba. Ya ja amawali ya rufe har karan hanci, ya ce, "Na ba shi. Ranar da ɗakinta ya tashi, a ɗaura."

Muka yi ta tsalle ni da ita kamar ba ni ce mai ciki ba. Ko kaɗan ba mu lura Gwaggo Tekna ba ta ce uffan ba.

Kin tuna Gwaggo Tekna ai, yayar Abba, mai muryar nan da ake ji tun daga gindin dutse. Duk amaryar garin nan, Gwaggo ce ke fara saƙar tabarmin ɗakinta. Sai ta zauna a inuwar gawo ta ɗauki kaba sannan sauran mata ke zama. Kuma ɗakin amarya ba aikin hannu biyu ba ne. Ga tabarmin rufi, ga na kewaye, ga na shimfiɗa, kowace sai an saƙa ta doguwa siririya an naɗe, sannan a bi da basilla a haɗa. Nawa ɗakin matan gari kaf ne suka taru a kai, duk da haka sai da ya cinye mana rani guda.

To Gwaggo ba ta zauna ba.

Ba ta ce ba ta yarda ba fa. Wa zai ji wannan a bakinta? Kullum aka je sai ta ce, "Gobe in Allah ya kai mu." Ɗanta Algabid take wa tanadin Tanalher, wanda ke haƙar zinariya can arewa, kuma duk gari an sani.

Muka shiga bin gidaje, ina jan ciki tana jan ƙwaryar dabino. Wannan ta ce ƙugunta ya riƙe. Wannan ta ce akuyarta ta ɓata. Wata ta ce idonta ba ya gani, alhali tun daga bayan rijiya ta hango mu ta shige ɗaki. Kowa ta ci dabinonmu ta sa albarka, ba wadda ta zo.

Anna kuwa, mahaifiyarmu, hannuwanta sun kumbura da sanyin ƙashi, ko cokali da ƙyar take riƙewa. Sai dai ta zauna ta dubi kabar da muka tara ta yi ta share ido da bakin mayafi.

Ana cikin haka naƙuda ta kama ni. Na haihu a ɗakin Anna, aka sa mini wuƙa ƙarƙashin matashi saboda iskokai, aka ce sai na yi arba'in.

"Ko ƙofa kika leƙa sai na saɓa miki," in ji Anna.

Shi ke nan, Shimo, aka rage Tanalher ita kaɗai. Ga shi sanyi ya fara shigowa, maza sun fara ɗaurin ciyawar raƙuma. In ayarin gishiri ya tashi Abba na ciki, daga Bilma kuma sai kudu, ba mai sake ganinsa sai zafi. Ba uba, ba ɗaurin aure.

Ina kwance ina jin duk wannan ta cikin tabarma, ba abin da zan iya sai juya yarinya daga wannan nono zuwa wancan.

Wata safiya sai ga ƙarar mota har ƙofar gida. Algabid ne. Ya tsaya daga waje, rawaninsa sabo fil yana ƙyalli.

"Ina mai jego? An ce kin haifo mana mai kama da biri."

"Da kawunta ta yi kama, shi ya sa," na ce.

"Ke har yanzu bakin nan bai mutu ba? Allah ya ji ƙan mijinki."

Ya sauke wasu tabarmin roba masu launi kore da ja, ya jibge su gaban Tanalher, tana zaune da 'yar saƙarta a cinya.

"Taubashiya, bar wahalar da yatsunki. Ga ɗaki nan na kawo a mota. Na siminti ma ina ginawa a Agadas, da ƙofar ƙarfe."

"Da makulli?" ta ce, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Har biyu."

"A aljihun wa?"

Ya yi dariya.

"Ba dariya na ce ka yi ba, Algabid. Ɗakin tabarma nawa ne. Ranar da muka yi faɗa kai za ka ɗauki takalminka ka fita. Na simintin fa, wa zai fita?"

Sai dariyar ta ɗauke. Ya tsuguna, ya rage murya, amma tabarma ba ta ɓoye magana, duk na ji.

"Tanalher, ni ba wasan taubasai ya kawo ni ba. Ramin da nake shiga, in ka kai ƙasa ba ka ganin ko tafin hannunka. Duk saukar da zan yi ke nake tunawa."

"Kai ɗan'uwana ne," ta ce. "In ƙaya ta soke ka ni ma zan ji. Amma abin da kake nema na riga na bayar."

"Ga mai warin albasa."

"Ga shi."

Ya miƙe ya karkaɗe riga. "Ayari ya kusa tashi. Ba ki da ɗaki, ba kuma za ki samu ba. Ni zan jira. Jira ba ya gajiyar da ni, a rami na koya."

Ya bar tabarmin a nan. Anna ta sa aka mayar wa uwarsa.

Bazo kuma da tsakar rana ya zo, lokacin da kowa ya fake wa zafi, Anna ta tafi duba akuyar da ta haihu. Ba ya shiga ɗakin surukarsa, ko kusa da ƙofa ba ya bi. Ta baya ya zagayo ya yi gyaran murya. Tanalher ta matsa ta jingina da tabarmar kewaye, shi yana waje ita tana ciki, ni kuma na yi kamar barci nake.

"Uwata ta rantse," ya ce.

"Ta rantse me?"

"Sau biyu tana zuwa tambayar rana ana sallamar ta da shayi. Ta ce ba za ta taka gidanku karo na uku ba. In ayari ya tashi ba a ɗaura ba, akwai 'yar ƙanwarta a Timiya."

Sai na ji numfashin Tanalher ya sarƙe.

"Kai kuma ka ce me?"

"Na ce a'a. Ta cire mayafinta ta ajiye gabana, ta ce in tsallaka in na isa. Tanalher, yaya zan tsallaka?"

"To ka je Timiya mana! Me ya kawo ka bayan ɗakinmu?"

"Kar ki yi mini haka. Kwana nake ban runtsa ba. Jiya na saki ruwa a kwamin da na riga na shayar, har albasar ta kwanta." Sannan ya ce, "Ni fa na iya tufkar igiya. In kin nuna mini saƙar..."

"Rufe bakinka! A ce namiji ya saƙa ɗakin matarsa? Har jikokinmu sai an yi musu waƙa a bakin rijiya."

"To ƙannena mata su..."

"Hannun dangin miji ba ya shiga ɗakin mace, Bazo, kai ma ka sani. In ya shiga ɗakin ba nawa ba ne."

"To mu tafi Agadas. Akwai malamai a can ma."

Nan ta fashe da kuka sosai, irin mai girgiza kafaɗa.

"In tafi in bar Anna da hannuwan nan? In sa Abba ya kasa zama cikin maza? In shiga ɗakin haya kamar wadda ba ta da uwa? Dubi yatsuna, duk kaba ta yanka su. Tun safe nake yi har magariba, abin da na tara ko inuwar ɗan akuya ba zai yi ba. Ni awaki na iya, ban iya saƙa ba. Ba su ce a'a ba balle in yi faɗa da su. Murmushi kawai suke mini, Bazo, murmushi, suna jira in gaji."

Na ga ya turo yatsa ta wata 'yar ɓula a tabarmar. Ta kama shi da hannu biyu ta ɗora goshinta a kai. Wallahi sai da hawayena ya ɗiga a kan Azahara har ta motsa.

Da ya tafi ta ture kwanon da ta jiƙa kaba a ciki, ya gangaro har gefen gadona, da guntuwar saƙarta a sama. Ta ja mayafi ta fice. Ni kuwa ba halin in bi ta.

Ba a jima ba sai ga sallama. Tamumun ce, maƙwabciyarmu, mai ciwon ƙugun nan, ta zo ganin yarinya. Ta zauna daɓas a gefen gado, ƙugu lafiya lau, ta fara ba ni labarin faɗan da aka yi a wajen niƙa. Tana magana, sai na ga hannunta ya sauka cikin kwanon. Ya ɗauko saƙar. Ba ta ko duba ba. Bakinta na can wajen niƙa, yatsunta na nan suna wucewa kamar ruwa a lambatu.

Na yi tsit. Duk inda labarin ya so ƙarewa sai in ce, "Kai! Sai ta ce me?"

Sai da ta yi fiye da kamu biyu sannan ta dubi cinyarta. Ta yar da shi kamar ta taɓa kunama.

"Innalillahi! Na wa ne wannan?"

"Na Tanalher."

"Kin kashe ni, 'yar nan! Me ya sa ba ki yi magana ba?"

"Inna Tamumun, ni na isa in katse babba tana magana?"

Ta dafe ƙirji. Kin san dai yadda abin yake, wadda ta sa hannu a ɗakin amarya ba ta da sauran bakin kushe auren, ta riga ta shaida. Ta leƙa ƙofa ta dawo ta ce, "Kar Tekna ta ji."

"Daga bakina? Ina!"

Tana fita na ɗaga Azahara sama na yi ta sumbatar ta. Matan garinmu, Shimo! Ki ba su jiƙaƙƙiyar kaba kusa da hannu, ki ba su hira, ko a gidan makoki ne sai sun saƙa. An hana ni fita, amma ba a hana kowa shigowa wurina ba. Kuma wace ce za ta ƙi zuwa gaida mai jego?

Na aika wa baban yarinya ya kawo shayi da sukari da cuku mai yawa. Na sa aka baza cewa kaɗaici na damun mai jego, tana ta kuka. Kullum da safe Tanalher ta jiƙa kaba, ta fara 'yar saƙa, in ajiye kwanon daidai inda hannun daman baƙuwa zai faɗa, ita kuma ta kora awaki ta ɓace. Ban taɓa ce wa kowa ta saƙa ba, Allah shaida ne. Hira kawai nake ja. Wadda ta zo da gulma in ƙara mata wuta, wadda ba ta da ita in ba ta tawa.

Mai ɓatacciyar akuya ta yi mana gaba guda. Mai ciwon ido ta fi kowa sauri, har da ado na ja ta sa a gefe. Wasu sun farga sun yi salati sun gudu. Amma ki ji abin mamaki, washegari sai su dawo. "Na zo in ga ko cibiyar ta warke." Cibiyar da ta warke tuni! Su zauna, su kau da kai gefe, hannu ya sauka cikin kwano.

Ƙarƙashin gadona ya cika da naɗin saƙa har ba wurin ajiye takalmi.

Sai dai murnar ba ta yi nisa ba. Saƙa a naɗe ba ɗaki ba ce. Sai an baje ta a fili, mata sun kewaye ta da basilla, kowa na gani. Wa zai yi wannan Gwaggo na raye? Ga raƙuma an fara tara su a bayan gari, kukansu na shigo mini har gado. Abba ya shiga gyaran salkunansa na ruwa. Tanalher ta daina cin abinci. In ta dawo kiwo sai ta kwanta gefena ta sa hannu ƙarƙashin gado tana shafa naɗin.

Ranar da abin ya faru, da hantsi ne. Tanalher ba ta fita ba, kanta na ciwo, tana zaune da saƙarta. Anna na dama mini furar cuku da dabino da hannu ɗaya. Sai ƙofa ta yi duhu.

Ba sallama.

Gwaggo Tekna ta sunkuyo ta shigo. Ba ta dubi yarinya ba, ba ta dubi Anna ba. Ni ta duba.

"Ɗaga shimfiɗar nan."

"Gwaggo, ina kwana..."

"Na ce ɗaga."

Ina zan gudu? Na ɗaga. Ta durƙusa ta dinga jawo su ɗaya bayan ɗaya tana warware bakin kowanne a kan gwiwarta.

"Wannan hannun Tamumun ne, ita ke karkata zuwa hagu. Wannan na matar liman. Wannan mai jan gefe, makauniyar ƙarya ce. Iye! Har da aminiyata?" Ta ɗago. "Ke, da jinin haihuwa a jikinki kike haɗa mini makirci? A gidan ƙanena?"

"Ni ban ce kowa ta saƙa ba, Gwaggo."

"Yi mini shiru, mai bakin tsiya! Saƙar sata ba ta tada ɗaki. Yau ɗin nan zan sa a kwashe su a ba jakuna."

Muryarta ta riga ta kai ko'ina. Na ga ƙafafun mata suna taruwa a ƙofa, ba mai shigowa, ba mai tafiya.

Tanalher ta rarrafo ta kama ƙafarta. "Gwaggo, me na yi miki? Ke kika yi mini kitson fari. Ke kika goya ni lokacin da Anna ke ciwo. Me na yi?"

Gwaggo ta fizge saƙar da ke hannunta ta ɗaga sama. "Wannan ce taki? Dubi! Dubi ramuka kamar rariya. A cikin wannan za ki kwana? Ruwan farko zai jiƙa ku har ƙashi. Ba haka ake ja ba, sakarya, haka ake ja!"

Ta ja sili ɗaya ta matse. Ta zauna daɓas a ƙasa don ta ji daɗin faɗan.

"Kuna tsammani warin albasa ne ya dame ni? Ni ma albasar nake ci! Ɗa ɗaya gare ni. Ɗaya! Bara rami ya rufta da su, abokansa suna can ƙasa har yau, shi da igiya aka jawo shi. Da ya zo na ga bayansa duk a saɓule. Na roƙe shi, na yi kuka, na ce ya zauna ko akuya ce ya kiwata. Ya ce in zauna in yi me, wa nake da shi a nan? Abu ɗaya ne a garin nan zai zaunar da shi. Ke ce!"

Hawaye na bin fuskarta, Shimo. Tun da nake ban taɓa ganin hawayen Gwaggo ba, ko ranar da mijinta ya rasu.

"Duk ƙarar motar da na ji sai in ce gawarsa aka kawo. Ku kuna ta soyayya, ni ina ƙirga numfashin ɗana."

"Gwaggo, ni ba turke ba ce da za a ɗaure shi a jikina," in ji Tanalher, ita ma kukan take. "In na aure shi idona na bakin ƙorama, kina tsammani ba zai gane ba? Algabid ba wawa ba ne. Zai gane, ya koma ramin da baƙin ciki, kuma a lokacin ba roƙon da zai dawo da shi. Ki ce in mutu ba aure, zan iya. Amma kar ki ce in cuce shi."

"Ke yarinya ce, me kika sani? Ana aure so ya zo daga baya."

"Ke naki daga baya ya zo?"

Gwaggo ta kau da kai. Duk gari an san ita ta zaɓi mijinta, ta kuma yi shekara ba ta magana da ubanta a kansa.

Ni fa tun ɗazu ba fuskarsu nake kallo ba. Hannunta nake kallo. Tun daga silin nan ɗaya da ta matse yatsunta ba su tsaya ba. Tana faɗa suna tafiya, tana kuka suna tafiya. In sili ya ƙare hannun ya sauka cikin kwano ya ɗauko wani. Saƙa matsattsiya, sumul, ko allura ba za ta shige ba, ta sauko daga gwiwarta ta taɓa ƙasa. Na ga Anna ma ta gani, ludayi ya tsaya mata a sama. Azahara ta fara motsi za ta yi kuka, na yi maza na toshe bakinta da nono.

Sai daga ƙofa Tamumun ta rangaɗa guɗa.

Wata ta karɓa. Wata ta karɓa. Ɗakin har rawa yake.

Gwaggo ta juya a fusace. "Guɗar uban me kuke..."

Sai ta dubi cinyarta.

Wallahi na ji tausayinta. Ta daɗe tana kallon hannuwan nan kamar na wata ne aka liƙa mata. Guɗar ta mutu. Na ga ta kama bakin saƙar, ta sa farce za ta warware.

Anna, wadda tun da aka fara rigimar nan ba ta taɓa ɗaga wa yayar mijinta murya ba, ta ajiye ludayi.

"Tekna. Saƙar amarya za ki warware? Mutuwar aure za ki yi wa 'yar ƙanenki fata, a gaban mata?"

Farcen ya tsaya.

Tanalher na durƙushe, goshinta a ƙasa. Can Gwaggo ta ja majina, ta goge fuska da bayan hannu, ta taɓa kabar da ke cikin kwano.

"Wace mara hankali ce ta jiƙa wannan? Ta sha ruwa da yawa."

"Ni ce, Gwaggo," in ji Tanalher.

"Na sani ai." Ta juya wajen ƙofa. "Ku kuma munafukai, kun tsaya kuna kallona? Ku kwashi kayan nan ku kai gindin gawo. Wata ta ɗauko mini basillata. In ɗakin 'yar ƙanena ya yi yoyo sunana za a kira, ba naku ba."

Ta miƙe za ta fita, sai ta tsaya a kaina. Na ce yau na sha mari. Ta sunkuya ta buɗe fuskar Azahara, karo na farko tun ranar suna.

"Allah ya sa kar ta ɗauko halin uwarta," ta ce, ta fice.

Ita da kanta ta faɗa wa ɗanta, ba wanda ya san me suka ce. Da la'asar ya zo ƙofarmu, ya tsaya daga waje. Sannan ya ce, "Mai jego, an ce kaba ba za ta isa ba."

"Ba za ta isa ba."

"Akwai goruba da yawa a kwarin gabas. Gobe zan kai mota."

Ban samu abin tsokanar da zan mayar masa ba. Ya ce zai zauna har a yi biki. Abin da zai yi bayan biki kuma bai faɗa ba, uwarsa ma ba ta tambaya ba. An ce tana ɗinki a gindin gawo tana share ido, in aka dube ta ta ce ƙaiƙayin kaba ne.

Abba ya aika wa su Bazo, ba sai uwarsa ta taka karo na uku ba, namu ne suka je. An sa rana, farkon wata, kafin ayari ya ɗaga. Tanalher ta cinye kwanon tuwo guda jiya har tana lashe hannu. Ni kuwa har yanzu ina nan inda kika san ni, guɗar ma daga kwance na yi ta, sai dai in ji waƙarsu daga gindin gawo in yi ta jijjiga Azahara.

To ga abin da ya sa na neme ki a waya. Na kewaye sun haɗu, na shimfiɗa sun kusa, amma babbar tabarmar rufi ko rabi ba a kai ba, wata kuma ya fara lalacewa. Motar Algabid za ta shigo Arlit ranar kasuwa. Don Allah Shimo kar ki bar labarin nan a cikinki. Ki bi gida-gida, duk matar garinmu da ke nan, tsohuwa da yarinya, ki faɗa mata yadda aka yi, ita ma ta faɗa wa ta kusa da ita. Kowa ta ɗauko basillarta ta hau mota. In wata ta fara miki zancen ciwon ƙugu, ki ce mata ba ni na aiko ki ba, Gwaggo Tekna ce ke kira.